Kada Ɗokin Allon Kwamfuta Ya Sa A Yar Da Tsofaffin Agogunan Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin matuƙa na jirgin sama irin na shekarun 1970, kamar Boeing 707 da ya yi ta jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda, zai tuna da abin da ya gani. Agoguna ne birjik tun daga gaban matuƙi har rufin ɗakin, kowanne da allurarsa, ga kuma injiniya zaune a baya yana fuskantar nasa bangon agogunan. Wanda kuwa ya leƙa irin wannan ɗaki a jirgin yau, abin da zai tarar shi ne 'yan alluna masu haske kamar na talabijin, da mutum biyu kacal, domin kujerar injiniya an ɗauke ta tuni. Sa'ad da kamfanin Boeing ya fito da samfurin 747-400 a shekarar 1989, ya rage yawan agoguna da fitilu da maɓallai daga 971 zuwa 365.

Wannan sauyi ya haifar da gardama wadda har yau ba ta kwanta ba a tsakanin matuƙa da injiniyoyi da hukumomi. Wani sashe yana ganin tsofaffin agoguna sun gama zamaninsu, a kai su gidan tarihi a huta. Wani sashe kuwa, galibi matuƙan da suka yi furfura a kan aiki, yana cewa wanda bai koyi tuƙi da allura ba bai iya tuƙi ba. Gardamar ta shafi duk wanda ya yanki tikiti ya hau jirgi, ko alhaji ne ko ɗan kasuwa, domin ransa yana rataye da abin da aka yanke a kanta. Idan aka bi tarihin haɗarurruka a tsanake, za a ga sabuwar fasaha ta ci jarrabawa, kuma ba mai hankalin da zai nemi a koma baya. Amma akwai abubuwa biyu da tsohon tsari ya ƙunsa waɗanda bai kamata ɗokin sabo ya sa a yar da su ba: ma'auni na biyu mai zaman kansa wanda zai iya ƙaryata na farko, da kuma matuƙin da aka horar ya gwama ma'aunai ya gane wanda ke faɗin gaskiya.

Asalin Agogunan

Kafin a yi hukunci, ya kyautu a san dalilin da ya sa aka sanya agogunan tun farko. Ɗan Adam yana sanin ko a miƙe yake ko a karkace ta hanyar idonsa da wani ruwa da ke can cikin kunnensa. A ƙasa wannan ya wadatar. Amma a sama, idan gajimare ko hazo ko duhun dare ya rufe inda sama ta haɗu da ƙasa, kunne yakan yaudari mai shi. Jirgi zai iya karkata a hankali har ya kama hanyar kifewa, alhali matuƙi yana jin a jikinsa cewa tafiya miƙe take. A shekarar 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya kuɓuce musu, kuma da aka haɗa lokacin da kowa ya ɗauka aka raba, sai ya kama daƙiƙa 178, watau bai cika minti uku ba.

Maganin wannan ya samu tun ranar 24 ga Satumba, 1929, sa'ad da wani hafsan sojan Amurka, James Doolittle, ya shiga jirgi a filin Mitchel kusa da New York, aka lulluɓe kujerarsa da tamfol, ya tashi ya kewaya ya sauka ba tare da ya ga waje ba. Agoguna da siginar rediyo kaɗai ya bi. Daga nan ne aka samu agoguna shida da kowane ɗalibin tuƙi ya haddace: na gudu, na karkata, na nisa daga ƙasa, na juyi, na alƙibla, da na saurin hawa ko sauka.

Uku daga cikinsu da iska suke aiki. Akwai wani ɗan bututu da ke leƙe a gefen hancin jirgi ko a fiffike, bakinsa yana fuskantar gaba, ana ce masa bututun Pitot, sunan injiniyan Faransa da ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogi. Iskar da ke dukan bakinsa ita ke nuna gudun jirgi. Akwai kuma wasu 'yan hudoji a jikin jirgi masu auna nauyin iskar da ke kewaye, wanda ke raguwa gwargwadon yadda aka hau sama, su ke ba da labarin nisa daga ƙasa. Sauran ukun kuwa da wani ƙarfe mai juyawa da matuƙar sauri suke aiki, wanda ke riƙe tsayuwarsa kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa cak muddin tana juyi. Jirgi ya karkata duk yadda zai karkata, ƙarfen yana nan a tsayuwarsa, allura kuma ta nuna bambancin. Abin lura shi ne, waɗanda suka tsara su ba su ɗora su kan tushe ɗaya ba. A ƙananan jirage, agogon karkata famfon iska ne ke juya shi, agogon juyi kuwa lantarki, domin idan ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Kamfas kuma ba ya bukatar komai sai maganaɗisun duniya.

Tsoho Ma Yakan Yi Ƙarya

Masu kewar zamanin da sukan manta cewa allura ma tana ƙarya, kuma sau da yawa ba ta sanarwa. Idan famfon iska ya mutu, ƙarfen nan ba ya tsayawa nan take. A hankali yake rage juyi, allura tana sulalewa kaɗan-kaɗan, matuƙi yana bin ta. Manyan jirage ma ba su tsira daga irin wannan ba. Ranar 1 ga Janairu, 1978, jirgin Air India samfurin 747 ya tashi daga Bombay da dare ya nufi Dubai. Agogon karkata na kyaftin ya maƙale yana nuna jirgin ya karkata dama, kyaftin ya yi ta murɗa shi hagu don ya gyara, har jirgin ya kife cikin teku da mutum 213, babu wanda ya tsira.

Sabon tsari ya yi maganin yawancin wannan. An maye gurbin ƙarfe mai juyawa da na'urori marasa abin da ke gogar juna, saboda haka ba sa cinyewa. Kwamfuta tana gwama ma'aunai biyu ko uku a kowane lokaci, in sun saɓa ta yi gargaɗi, in ɗaya ya mutu ta share shi daga allo ta sa jar alama a wurinsa. Abin da a da sai matuƙi ya bi agoguna shida da ido ya haɗa a kansa, yanzu yana gabansa a allo ɗaya, ga taswira mai tafiya tare da jirgi, ga hadari, ga sauran jirage na kusa. Daɗin daɗawa, tun tsakiyar shekarun 1990 an samu na'ura mai ɗauke da taswirar duwatsun duniya, wadda ke hango tsauni tun daga nesa, kuma karo da tsauni, wanda a da yana cikin manyan masu kashe fasinja, ya ragu ƙwarai. A 1972 mutum fiye da 2,000 suka mutu a haɗarurrukan jiragen fasinja a duniya. A 2017, bayan yawan tafiye-tafiye ya ninka na wancan lokaci sau da yawa, ba a rasa fasinja ko ɗaya a manyan jiragen jet na haya ba. Wanda ya ce zamanin allura ya fi aminci, lissafi bai goyi bayansa ba.

Zanzaro Da Salatif

To, amma fa akwai abin da hasken allo ke ɓoyewa. Duk kyan lambobin da ke kansa, daga wannan ɗan bututu da waɗannan 'yan hudoji suke fitowa. Kwamfuta ba ta san gudun jirgi ba sai abin da bututu ya gaya mata.

Ranar 6 ga Fabrairu, 1996, jirgin kamfanin Birgenair na Turkiyya, samfurin 757, ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ɗauke da 'yan yawon buɗe ido na Jamus. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye ba a rufe bakin bututunsa ba, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Ma'aunin kyaftin ya riƙa nuna gudu yana ƙaruwa alhali raguwa yake yi. Na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta kuma, da yake daga ɓangaren kyaftin take karɓar labari, ta ɗaga hancin jirgin. Ma'aunin mataimaki yana aiki daidai, haka ma ɗan ƙaramin agogon ko-ta-kwana da ke tsakiya. Shaidu biyu suna faɗin gaskiya, ɗaya yana ƙarya, amma ɗayan ne ya rikita matuƙan har jirgin ya faɗa teku da mutum 189. Hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido, zanzaro kuwa ba baƙo ba ne a ƙasashe masu zafi irin wannan.

Wata takwas bayan haka, ranar 2 ga Oktoba, wani 757 na kamfanin Aeroperu ya tashi daga Lima ta ƙasar Peru da dare. Wajen goge jikin jirgin an liƙe hudojin auna iska da salatif, aka manta ba a ɓare ba. Ma'aunan gudu da na nisa suka rikice gaba ɗaya, gargaɗi iri-iri masu saɓa wa juna suka cika ɗakin. Matuƙa suka roƙi jami'in da ke kula da su daga ƙasa ya gaya musu nisansu, ya ce suna kan ƙafa 9,700. Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinsu shi ne, lambar da jami'in ke karantawa jirgin ne da kansa ke aiko masa da ita, daga hudojin nan da aka liƙe. Na'ura ɗaya ce ta faɗi gaskiya a daren, wadda ke auna nisan ƙasa da rediyo ba da iska ba, tana ta kukan cewa an yi ƙasa da yawa, amma ba a yarda da ita ba. Fiffiken jirgin ya taɓa ruwa, mutum 70 suka halaka.

Darasin waɗannan biyu a fili yake. Idan mutum goma suka zo gaban alƙali, duk kuma daga bakin mutum ɗaya suka ji labari, shaida ɗaya ce a gabansa, haka kuma alluna goma da ke sha daga huda ɗaya. Abin takaici, bayan shekara fiye da 20 sai aka sake wannan kuskure a ofishin masu ƙera jirgi. Kamfanin Boeing ya sanya wa 737 MAX wata manhaja da ke sunkuyar da hancin jirgi da kanta, ya ɗora ta kan ma'auni ɗaya tak alhali jirgin yana da biyu, bai kuma bayyana ta a littafin matuƙa ba. Ma'aunin ya yi ƙarya a jirgin Lion Air na Indunusiya a Oktoba 2018, ya sake yi a jirgin Habasha da ya tashi daga Addis Ababa ranar 10 ga Maris, 2019. Mutum 346 suka mutu a haɗarurrukan biyu, cikinsu har da ɗan Nijeriya Farfesa Pius Adesanmi. An dakatar da jirgin aƙalla wata 20, kuma babban gyaran da aka yi masa shi ne a sa manhajar ta gwama ma'aunai biyu kafin ta motsa, watau ƙa'idar da masu tsara agoguna suka sani tun zamanin Doolittle.

Ranar Da Allo Ya Mutu

Akwai kuma ranar da allon kansa zai ɗauke. Ranar 22 ga Oktoba, 2005, jirgin British Airways samfurin A319 yana hawa sama da dare daga London zuwa Budapest, ya kai wajen ƙafa 20,000, sai lantarki ya sami tangarɗa. Allunan gaban kyaftin da na mataimaki suka mutu lokaci guda, na'urar tuƙi ta saki, rediyo ya yi shiru, fitilun ɗakin suka ɗauke. Kimanin daƙiƙa 90 kyaftin yana riƙe da jirgin da hannu, yana duban sararin sama ta taga da 'yan agogunan ko-ta-kwana waɗanda da ƙyar ake ganinsu don duhu, kafin aka maido da wuta. Sun yi sa'a sama a washe take a daren. Da cikin gajimare ne, to, waɗannan 'yan agoguna su kaɗai ne abin dogaro.

Saboda irin wannan rana ne doka ta wajabta ma'aunan ko-ta-kwana a manyan jirage. A yawancin sababbin jirage su ma sun koma ɗan ƙaramin allo, kuma wannan ba laifi ba ne muddin na'urar aunawarsu daban take, wutarsu kuma tana iya komawa kan batir. Ashe ke nan zaman kai na ma'auni shi ne abin karewa, ko da allura yake nunawa ko da allo. Har gobe kuma, a jirgin da aka saya dala miliyan ɗari da ɗoriya, akwai ɗan kamfas na maganaɗisu a saman gilashin gaba, ɗan'uwan wanda ya jagoranci jiragen sojan Ingila uku daga Masar, ta Sudan da Chadi, har suka sauka Kano a 1925.

Hannu Yakan Manta

Abu na biyu, wanda ya fi na farko wuyar kiyayewa, shi ne hannun matuƙi da idonsa. Wanda ya koyi tuƙi da agoguna shida dole ya saba da yawo da ido daga wannan zuwa wancan, yana tambayar kansa ko labarinsu ya dace da juna: hanci yana sama, inji yana nan yadda yake, to, yaya gudu zai ƙaru? Da an yi wannan tambaya a jirgin Birgenair, da an gane mai ƙarya. Matuƙin yau kuwa, a doguwar tafiya ta sa'a goma, mai yiwuwa 'yan mintoci kaɗan ne yake riƙe jirgi da hannu, wajen tashi da wajen sauka.

Daren 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France samfurin A330 yana kan ƙafa 35,000 bisa Tekun Atlantika, daga Rio de Janeiro zuwa Paris, sai ƙanƙara ta toshe bututansa. Na'urar tuƙi ta saki jirgin, kamar yadda aka tsara ta ta yi idan ba ta yarda da labarin da take samu ba. Toshewar ba ta kai minti ɗaya ba. Injuna lafiyarsu lau, allon karkata yana nuna gaskiya tun daga farko har ƙarshe, kuma da an riƙe hancin jirgin a inda yake an bar inji yadda yake, da an wuce lafiya. Amma matuƙin da ke riƙe da sanda ya ja ta baya, jirgin ya hau har fikafikansa suka kasa ɗaukarsa, ya yi ta faɗowa minti uku da rabi ba tare da matuƙan sun gane abin da ke faruwa ba. Mutum 228 suka tafi. Rahoton hukumar binciken Faransa na 2012 ya nuna cewa ba a horar da mataimakan biyu kan tuƙi da hannu a can ƙololuwar sama ba.

Ba sai an je nesa ba. Ranar 5 ga Mayu, 2007, jirgin Kenya Airways samfurin 737-800, sabo fil wanda bai shekara ba, ya tashi daga Duwala ta Kamaru da tsakar dare cikin ruwan sama. Kyaftin ya ba da umarnin a kunna na'urar tuƙi, ba ta kama ba, ba kuma wanda ya tabbatar. Jirgin ya yi ta karkata dama a hankali babu mai riƙe da shi, alluna suna nunawa ɓaro-ɓaro babu mai lura. Da gargaɗi ya yi kuka, kunne ya riga ya yaudari kyaftin, ya ƙara murɗawa dama. Mutum 114 suka mutu a cikin fadamar bakin teku, da irin ciwon da Jami'ar Illinois ta auna tun 1954.

A ƙananan jirage ma an gwada. A 2010 hukumar binciken haɗarurruka ta Amurka ta duba jirage fiye da 8,000 masu inji ɗaya da aka ƙera tsakanin 2002 da 2006, ta kwatanta masu allo da masu allura. Masu allo sun fi ƙarancin haɗari gaba ɗaya, amma sun fi yawan haɗarin da ake rasa rai. Ko da yake hukumar ta lura cewa masu allo sun fi yin doguwar tafiya, ta ƙarasa da cewa ba ta ga shaidar allo ya ƙara aminci a wancan lokaci ba, ta kuma nuna yatsa ga ƙarancin horo. Agogon allura duk inda aka je kusan kamanninsa ɗaya ne, allo kuwa kowane kamfani da nasa tsari, da tasa hanyar nuna cewa ya lalace.

Tauraro Da Tashar Ƙasa

Yanzu gardamar ta sauko daga ɗakin matuƙa zuwa ƙasa. Tun da aka samu GPS, mai nuna wa jirgi inda yake ta taurarin ɗan Adam, ƙasashe da yawa sun fara rufe tsofaffin tashoshin rediyo na ƙasa masu nuna hanya, domin kula da su yana cin kuɗi. Sai dai siginar tauraro tana tahowa ne daga nisan kilomita 20,000, tana isowa a raunane, kuma ƙaramar na'ura ta isa ta danne ta ko ta aiko da ta jabu. Tun 2022 rahoton irin wannan ya yawaita a kewayen Tekun Baltik da Gabas ta Tsakiya, inda wani lokaci kwamfuta kan nuna jirgi yana wani gari da bai ko kusanta ba. A Afrilu 2024 jiragen Finnair biyu suka kasa sauka a Tartu ta ƙasar Estoniya suka koma Helsinki, domin filin ba shi da hanyar sauka sai ta GPS. Kamfanin ya dakatar da zuwa garin wata guda, bai koma ba sai da aka tanadi hanya mai dogara da na'urorin ƙasa. Amurka kanta, mai GPS ɗin, da ta tashi rage tashoshinta na ƙasa sai ta bar ɗaruruwa da gangan, bisa tsarin cewa idan tauraro ya ɗauke, jirgi zai iya bin rediyo ya kai wani fili da bai wuce mil 100 ba. Ita ma ta yarda cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ya shafi ƙasar nan kai tsaye. Kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe filayen Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato, ganin matuƙi ya taƙaita, komai ya koma kan na'ura. Nijeriya kuma tana cikin yankin tsakiyar duniya inda sararin sama kan hargitsa siginar tauraro bayan faɗuwar rana. An kuma ga abin da ya faru a Fabrairu 2020, sa'ad da hazo ya sauka Legas ana tsakiyar maye gurbin tsohuwar na'urar jagorar sauka da sabuwa wadda ba ta gama daidaita ba. Kwanaki da dama manyan jiragen ƙasashen waje suna karkata zuwa Accra, fasinjoji suka yi ta galabaita a ƙasar da ba ita suka nufa ba. Ko shakka babu sabuwar na'urar ta fi tsohuwar. Abin da ya jawo wahala shi ne, hazo ya riski filin a tsakanin tsoho da sabo.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata hukumomi su riƙe da kyau. Na farko, hukumar kula da sararin samaniya ta ci gaba da shimfiɗa hanyoyin sauka na tauraro, amma kada ta bar tashoshin rediyo na ƙasa da na'urorin jagorar sauka su lalace don an ce zamaninsu ya wuce. A ware musu kuɗin gyara da na wutar ko-ta-kwana, a riƙa gwada daidaitonsu tun kafin hazo ya sauka, sa'an nan kada a tsayar da tsohuwar na'ura sai sabuwa ta ci gwaji.

Na biyu, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta yaye matuƙa da yawa a kan jiragen Tampico masu allura, daga baya kuma ta sayi jiragen Diamond masu allo. Wannan ci gaba ne, domin allo ɗalibi zai tarar a wurin aiki. Amma kada ɗalibi ya karɓi takardar shaida sai an rufe masa babban allo a sama, an kashe masa taswira mai tafiya, ya nuna zai iya kai jirgi gida da ƙananan ma'aunai da kamfas da taswirar takarda.

Na uku, hukumar da ke ba kamfanoni lasisi ta tabbatar cewa gwajin da ake yi wa matuƙa a na'urar kwaikwayon tuƙi ya ƙunshi toshewar bututu da mutuwar alluna da siginar jabu, ban da mutuwar inji da aka saba, kuma a riƙa kawo su ba zato. Kamfanoni su ma su ba matuƙa damar tuƙi da hannu a ranar da sama ke washe, kamar yadda hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi kira ga nata kamfanoni tun 2013.

Na huɗu, kada a raina ƙananan ayyuka na ƙasa, watau murfin bututu, da ɗan jan ƙyalle da ke rataye da shi don tunatarwa, da kewayen da matuƙi ke yi da tocila kafin tashi. Babu kwamfutar da ta maye gurbin waɗannan. Ma'aikacin da ke rufe bututu ya kuma buɗe shi, a horar da shi, a biya shi haƙƙinsa, a kuma saurare shi idan ya ce a dakata.

Masu sayar da na'urori za su ci gaba da zuwa da sababbi, da yawa daga cikinsu kuma za su ceci rayuka, ya kamata a karɓe su hannu bibbiyu. Amma duk lokacin da aka kawo wata, ya wajaba jami'in da zai sa hannu ya tambayi abu biyu: ranar da wannan ta yi ƙarya, wa zai ƙaryata ta, kuma shin an koya wa mutumin da ke kujerar gaba ya saurari mai ƙaryatawar? Idan ba a ba shi amsa ba, to, a bar tsohuwar a inda take har sai an samu.